Ƙwaryar da Baba Ya Kife Ranar Kokawa

Babana mai bin sawu ne. A ƙauyenmu, wanda ke tafiyar wuni guda yamma da Tanut, idan raƙumi ya ɓata ko jaki ya tsinke dabaibayi, ƙofar gidanmu ake nufa. Buzaye kan zo tun daga wajen Tenhya, su gurfanar da raƙumansu a gindin aduwar da ke gaban gidan, su jira shi ya idar da salla. Yakan bi su kwana biyu, kwana uku, ya dawo da cuku a ƙunshe, wani lokaci da 'yar akuya yana ja. Da wannan muke ƙarasa shekarar da gero bai yi ba, kuma a Damargu irin wannan shekara ba baƙuwa ba ce.

Abin da nake tunawa ya faru 'yan shekaru bayan yaƙin Abzin, lokacin da ayari ya sake kama hanya, Nasara kuma suna zaune a barikinsu na Tanut, ba mu cika ganinsu ba. Ina wajen shekara goma sha biyar. Na riga na sauke Alƙur'ani a wurin kawuna, wanda ya koya mini rubutu har da na ajami, nakan tsara 'yan baitoci a bayan allo in wanke su kafin wani ya gani. Inna takan ce ni mai yawan tsayawa ce: a aike ni ɗebo wuta, a same ni ina kallon inuwar ganye a jikin danga.

A lokacin, shekara biyu ke nan da farar yana ta fara rufe idon Baba. Yana ganin mutum, yana ganin raƙumi, yana ganin hanya. Abin da ya kuɓuce masa shi ne ƙananan abubuwa, kuma aikinsa duka a ƙananan abubuwa yake. Mu uku muka sani: shi, da Inna, da ni. Ya san ranar da maganar ta fita, babu mai raƙumin da zai sake bin sa cikin daji. Don haka ya daina karɓar tafiya mai nisa, ya ce gwiwa ce ta hana. Ta kusa kuwa da ni yake zuwa, wai in riƙe masa gora.

Ga yadda muke yi. Ina gaba, yana baya da sandarsa. Idan muka iso wurin sawu, sai in tsuguna kamar ina cire ƙarangiya daga gefen zanena, in faɗa masa abin da ke ƙasa a hankali, leɓena ba ya ko motsi sosai. Shi kuma ya tsuguna, ya sa yatsu a cikin sawun, ya ji zurfinsa. Mutane suna tsammani salon tsufa ne. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata," yakan ce, "faɗa mini duk abin da ke ƙasa. Kada ki zaɓa. Zaɓe nawa ne."

Akwai kuma wani abu da aka san shi da shi, wanda ba ya kawo cuku ko akuya, amma shi ne ke riƙe masa suna. Kowace kaka, idan an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, 'yan kokawa kan fara yawo. Ba samarin da ke gwada ƙarfi a dandali nake nufi ba. Waɗanda kokawa ce sana'arsu, masu tafiya gari gari da makaɗansu, abin da aka yi musu kari a fage shi ne abincinsu. Idan irin wannan baƙo ya sauka zai kara da gwanin garinmu, Baba kan fita da safe ya duba sawun su biyun a hanyar rijiya. Ya dawo, ya zauna a gindin aduwa, mutane su taru. Ba ya faɗin sunan kowa. Sai ya sa hannu a cikin riga, ya ajiye abu a ƙasa a ɓoye, ya kife shi da ƙwarya, ya danne da dutse. Idan guntun zangarniyar gero ne, ɗan gida zai yi kaye. Idan tsakuwa ce, baƙo. Ba a buɗewa sai an tashi daga fage.

Kawuna malami ya taɓa yi masa magana a kai, ya ce kada abin ya zama duba. Baba ya ce shi ba ya buga ƙasa, ba ya kiran komai, ƙafar mutum kawai yake karantawa kamar yadda kawu ke karanta allo, sauran kuma na Allah ne. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin an buɗe ƙwaryar nan an sami saɓani ba. Idan Buzu yana shakkar wanda zai ba amanar neman raƙuminsa, labarin ƙwarya ake ba shi.

Baƙon wannan shekarar daga wajen Belbeji ya fito. Dogo ne, ba mai jiki sosai ba, ba shi da yawan magana, makaɗinsa ne ke yi masa surutun duka. Ya sauka a gidan maƙerin garinmu, abokin Baba tun suna yara. Ranar da ya iso na je gidan da sunan kai wa matar maƙeri kuka, na ga sawunsa a ƙofa na riƙe shi: babban yatsansa a ware yake da sauran, kuma akwai tsagar kaushi a diddigen dama mai kama da ƙaramin jinjirin wata.

Washegari, da rana ta ɗan ɗaga, muka fita. Wannan ne lokacin da sawu ya fi fitowa, domin inuwa na kwance a cikinsa. Na gwaninmu muka fara dubawa. Baba ya shafa, ya ce lafiyarsa lau, sai dai ya ɗan ƙara nauyi tun bara. Na baƙon ya yi wuyar samu. Shanun Fulani sun bi hanyar da sassafe sun tattake duk sawun masu zuwa rijiya. Sai can gefe, inda ya ratse ya bi ta bayan shingen wata gona a kan hanyar komawa gari, na ga jinjirin watan nan.

Na tsuguna ina cirar ƙarangiyar da babu.

"Dama ta nutse sosai, Baba. Hagu sama sama."

"Tazarar fa?"

"Idan zai ɗaga hagu, taku gajere ne."

"Yana jan yatsu?"

"Kaɗan."

Ya sa hannu a sawun dama, ya sa a na hagu. Muka bi kamar taku ashirin, haka yake bai canza ba. Baba ya miƙe yana dafa sanda.

"Allah sarki," ya ce. "Gwiwar hagu ce. Yana ɓoye ta a gaban mutane, da ya ga ba kowa sai ya sake jiki. Duk wanda ya yi wata biyu yana kokawa gari gari, dole wani wuri ya yi tsami."

Akwai abin da na gani ban faɗa ba. A gefen sawun, ta hannun dama, akwai 'yan ƙananan ramuka a jere, kowane bai kai ƙwayar gero biyu ba, bakinsu ya ɗan dunƙule. Suka ba ni sha'awa. Na ce a raina kamar wata ta tsinke tsakiyar da ta sa a wuya, duwatsun suna zuba tana tafiya ba ta sani ba, na fara neman kalmar da za ta dace da su a baiti. Ban ɗauka suna da wata hulɗa da ƙafar mutum ba. Baba kuma bai tambaye ni ko mutumin yana ɗauke da kaya ba, domin babu dalilin tambaya. A wurinmu ɗan kokawa ranar fage ba ya ɗaga ko faifai. Ana cewa ƙarfinsa na zuba. Ruwan wankansa ma wani ke kai masa. Kuma baƙo ne, wa zai bar baƙo ya ɗauki ruwa?

Da hantsi mutane suka taru a gindin aduwa. Maƙeri na gaba, da hannunsa baƙi ƙirin.

"To, tsohon mai sansanar ƙasa, me ƙasar ta ce yau?"

"Ta ce wani maƙeri bai yi wanka ba tun sallar layya."

"Ƙarya take, ta ga sawun jakinka ne. Kife mana mu tafi, muna da aiki."

Baba ya sa hannu cikin riga, ya kife ƙwarya, ya ɗora dutse. Na san abin da ke ciki, ni na karyo masa shi daga rumbu.

Kafin azahar wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo ɗibar wuta. Ba ta da kowa sai kanta, ita ke kora jakarta zuwa rijiya, ita ke dawo da ita. Ranar ta shigo tana dariya tun daga bakin danga.

"Ina matar gidan? Ku shirya mini lalle, na yi miji."

"Iya, da wannan haƙori ɗaya?" in ji Inna.

"Shi ya gani yana so. Baƙon nan mana, ɗan kokawa. Jakata ta ƙi tashi yau, na tafi da ƙafa, na cika salka na tsaya ina kallonta tana kallona. Sai ga shi, ya kai hannu zai ɗauka. Na ce, ɗan nan, yau ranar fagenka ce, ajiye. Ya ce, Iya, ƙarfin da salka za ta zubar ai ba ƙarfi ba ne. Ya saɓa ta a kafaɗa kamar buhun ƙaiƙayi. Na ce to mu bi ta bayan gona, kada mutanen maƙeri su gani su cinye ni. Ga salkar tawa tana yoyo ta ƙafa ɗaya, duk ta jiƙa masa gefen riga."

Inna tana dariya tana zuba mata garwashi a kasko. Ni kuwa na ajiye taɓarya.

Na sami Baba a rumfar bayan ɗaki yana jan carbi. Na durƙusa na faɗa masa duka, har da ramukan. Ya tsayar da carbin.

"A jere suke?"

"A jere, Baba. Ta dama."

"Kin gan su."

"Na gan su."

"Me kika ɗauka su ne?"

Na ji kunya, amma na faɗa. Na ce tsakiya ce ta tsinke. Ya yi murmushi kaɗan, ba na ba'a ba.

"To ai sun yi kama," ya ce.

Na so ya yi faɗa. Da ya yi, da na sami abin riƙewa.

"Baba, idan an kira azahar ba kowa a gindin aduwa. Ina share wurin kullum, ba wanda zai ce komai idan ya gan ni da tsintsiya. Tsakuwa ɗaya ce."

"A'a."

"Ba wanda zai sani."

"Uwata, shekara biyu ina ɓoye abin da Allah ya ɗora mini, amma ban taɓa ce wa mutum raƙuminsa ya yi gabas alhali ban san haka ba. Ɓoyewa daban, wannan daban. Abin da aka kife an kife."

"To ka ce kuskure ne. Kowa yana kuskure."

"Da kuskuren gwiwa ne kawai, sai a yi dariya a wuce. Amma tsohuwar nan ba za ta kai la'asar ba ta gaya wa rabin gari ba. Kuma wanda ke da ido ba ya tsallake ɗigon ruwa a kan yashi. Akwai masu sanin haka a cikinsu." Ya ci gaba da jan carbinsa. "Ko kuma namu ya kayar da shi da ƙafa biyu lafiyayyu. Je ki ci abinci."

Da wannan na rayu har la'asar: ko namu ya kayar da shi.

An yi fagen a filin da ke kudu da masallaci, inda aka cire kara aka share. Mata muna gefe ɗaya a ƙarƙashin gawo. Rana ta karkata, inuwar mutane ta yi tsawo ta shiga cikin fagen, har ka ce akwai wani taron a kwance a ƙasa. Aka fara da ƙanana, ban san wa ya kayar da wa ba. Sai makaɗin baƙo ya canza kiɗa, namu ya amsa masa, su biyun suka fito da walki da layu a damtse.

Ƙafar hagun baƙon kawai nake kallo. Ya zagaya fagen sau biyu a kanta, ya duƙa ya shafi ƙasa, ya miƙe. Lafiyarta lau.

Sun daɗe suna laluben juna, kai da kai, hannu yana neman hannu. Namu ya fi shi nauyi, ya tura shi har bakin fage, mata suka fara guɗa. Aka raba su, suka sake kamawa. A kamu na uku namu ya sunkuya ya cafki ƙafar daman baƙon ya ɗaga ta sama. Duk garin ya miƙe tsaye. Baƙon ya tsaya a kan hagu ita kaɗai. Ya yi tsalle ɗaya, biyu, bai faɗi ba. Sai ya kwantar da ƙirjinsa a bayan namu, ya zagaye cikinsa da hannu, ya juya a kan wannan ƙafar kamar ƙyaure. Ban ga yadda aka yi ba. Na ga dai bayan namu a ƙasa, baƙon yana miƙa masa hannu ya tashi.

Kamar yadda aka saba, daga fage aka wuce gindin aduwa. Maƙeri ne mai ɗaga dutse kowace shekara. Ya ɗaga yana cewa, "Ku matso, ku ga tsakuwa, ni ma na san..." sai ya tsaya. Guntun zangarniya na kwance a ƙasa, tururuwa biyu sun riga sun same shi.

Maƙeri ya yi ƙoƙarin gyarawa.

"Kai, kishin gari ne ya kama tsoho. An ce ka karanta sawu, ka je ka karanta zuciyarka."

Wasu suka yi dariya. Baba ya ce, "Na ga dama ta nutse, na ce gwiwar hagu ce."

"Gwiwa!" Muryar tsohuwar nan ce daga baya. "Salkata ce! Mijina ne ya ɗaukar mini ruwa!"

Nan dariya ta ɓarke da gaske, har baƙon da ke tsaye a gefe ya rufe fuska da hannu. Na fara tsammanin a haka za ta ƙare. Amma akwai wani dattijon Buzu a wurin, wanda Baba ya taɓa nemo masa taguwa, macen raƙumi, da ta ɓace. Bai yi dariya ba. Ya gyara rawaninsa, ya yi magana a hankali, da Hausarsa mai nauyi.

"Mai sawu, na bi ta hanyar nan da hantsi. Salkar tana ɗiga. Ɗigon yana nan har yanzu."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Tambaya ce, kuma ya bar wa Baba wurin amsawa yadda ya so.

Baba ya dafa sanda ya miƙe.

"Yana nan, na sani. Ban gan shi ba. Shekara biyu ke nan ba na ganin irinsa. Yarinyar nan ce idona, ita ke faɗa mini ina fassarawa. Duk wanda na nemo wa dabba a shekara biyun nan, da idonta aka nemo. Ku yafe mini ɓoyewar."

Ban ɗaga kai ba. Ina jin idanu a kan wuyana kamar zafin rana. Buzun ya matso ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da lafiya. Mutane suka yi ta faɗin haka ɗaya bayan ɗaya suna watsewa. Maƙeri ne na ƙarshe.

"Shekara biyu," ya ce. "Kullum ina zaune kusa da kai."

"Kai ma ai ba gani kake ba."

"Rufe mini baki." Ya share hanci da bayan hannu, ya bar baƙin gawayi a fuska, ya tafi.

Abin da Baba ya ji tsoro shi ya faru. Masu raƙuma ba su ƙara zuwa neman sawu ba. Ba wanda ya yi masa wulaƙanci, suna aiko gaisuwa, amma an sami wani mai bin sawu a wajen Tenhya, can suka koma. Ba kuma wanda zai bi yarinya cikin daji, ni ma ban sa rai ba. Ranin nan hatsi bai kai mu ba, Inna ta ba da akuyarta aka musanya da gero. Na yi kwanaki ba na iya haɗa ido da ita. Ba ta taɓa ɗora mini laifi da baki ba, sai dai ta rage aikena.

Da sanyi ya wuce, Baba ya ce in yanko masa kaba in jiƙa. Ya ce tufka aikin yatsu ne, yatsunsa kuwa suna nan. Igiyar farko ta fito wani wuri kamar damtse, wani wuri kamar wutsiyar ɓera. Maƙeri ya karɓa ya ɗaure jakinsa da ita don kawai ya sami abin faɗa, kuma ya samu. Washegari ya zo yana kaɗa guntuwar igiya a sama.

"Ga aikinka! Jaki ya tafi. Yanzu wa zai nemo mini shi?"

"Ka roƙi uwata, idan ta ga dama."

"'Yar nan, taimaki babanki maƙeri."

Na bi sawun, bai yi nisa ba. Na same shi a bayan rumbun surukar maƙerin, ya ci rabin zanar da ta yi shinge da ita. Maƙeri ya ce da na bar shi ya ɓata.

Igiya ta biyu Baba ya yi kwana tara a kanta, yana warwarewa yana sakewa, ni ina miƙa masa kaba. Ita ce ta riƙe. Fulani suka gwada ta da sa a babbar rijiya, aka ja ruwa da ita har damina ta sauka.